Faranti Huɗu a Kan Kwanon Gidanmu

Na farko na saye shi shekarar da masaƙa ta sallame mu,
wat tamanin, gefensa duk ƙwarzane.
A ka na ɗauko shi daga bakin titi har cikin Kakuri
kamar mai tallan madubi.
Ƙwai biyu ya riƙe mana, da rediyo,
da wayoyin maƙwabta in sun shigo da sallama.

Na biyu na Iliya ne, ƙanena.
Da zai tafi Fatakwal ya jingine shi bayan randa,
ya ce ajiya.
Shekara shida, ajiya ta gaji ta hau kwano.

Na uku daga Panteka, kusurwa a tsage,
rubutun bayansa rana ta lashe.
Mai shi ya rantse ɗari da hamsin ne,
na rantse ban yarda ba, muka daidaita.

Na huɗu Lantana ce ta kawo da albashinta na fari,
baƙi wuluk, dogo, ɗaukarsa sai mutum biyu.
Ta ce, Baba, firji nake so Inna ta samu,
zoɓon nan ya daina ɗumi kafin la'asar.

Ni a lissafina na tsohon ma'aikacin masaƙa
zare duk zare ne, ƙulla wannan da wancan ka ga tsawo.
Ran Asabar na ƙulla su a jere, wannan na riƙe da wutsiyar wancan,
na sauko ina karkaɗe wando.
Rana ta take tsaka, mai fasa kai,
allurar mita ta je ta tsaya
daidai inda take tsayawa tun zamanin wat tamanin.

Lantana ta hau tsani, gyale ɗaure a ƙugu,
ta auna kowanne tana rubutu a bayan hannu.
Daga sama ta ce, in ka jera su ƙofa ɗaya za su bi,
faɗin ƙofar kuwa na ƙaramin ne.
In ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa
dogo zai rusuna wa gajere.
Ko ta ina aka bi, Baba, sabo ne ke biyan bashin tsoho.

Ina riƙe mata ƙafar tsani.
Na dubi gwiwata da ta ƙi hawa sau biyu a yini,
na dubi ledar magani da ta ajiye mini jiya a kan taga.
Na ce, to a sauke shi, 'yan gwangwan sa saya.

Ta leƙo. Wa ya ce a sauke?
Miƙo mini filaya.

Sati biyu muka jira kuɗin kwantirola.
Sabon ya tafi shi kaɗai wajen firji.
Na Iliya da na Panteka ƙarfinsu ya zo kusa,
aka haɗa su ɗaki ɗaya kamar 'yan haya,
ba sa gaisawa amma fanka na juyawa.
Tsohon nawa aka ja masa siririyar waya tasa,
da tsohon batir, zuwa ƙwan zaure.

Ba a ce an gama ba.
In hadarin Agusta ya taso ta wajen Kudenda
firji kan yi shiru kafin asuba,
Inna ta tashi tana taɓa robobi tana tsaki.
Iliya ma ya bugo waya shekaranjiya
yana tambayar lafiyar ajiyarsa.

Jiya na dawo daga isha'i, layinmu duk duhu,
janareton mai aski ya shaƙe ya mutu.
Daga kan kwana na hango ƙwan zaure, ja-ja, da ƙyar,
yaran Malam Tanimu uku a ƙarƙashinsa
suna faɗa a kan fensir.